Gyaran Katako Da Ƙarfe Da Samfefa

Kayan ofishin hakimi dukiyar jama'a ne, tsatsa kuwa ba ta jiran kowa. Saboda haka ya kamata malamai su san aikin samfefa.

A bayanta akwai lamba. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon laushinta. A fara da mai lamba 80, a bi da 120, a gama da 220.

In katako ne, a bi tsawon jijiyarsa, kada a gitta, gama zanen zai bayyana bayan an shafa fenti. In ƙarfe ne, a kankare tsatsar sarai, a goge, a shafa mai ko fenti a ranar, in ba haka ba za ta komo.

A rufe hanci, domin ƙurar tsohon fenti takan ƙunshi dalma, guba ce.