Abincin Kunkurun Gida: Yadda Za A Shirya Shi Ba Wahala

Makon jiya na shiga wani gida a unguwar Nasarawa, nan Birnin Kebbi, domin in duba tumakin da mai gidan ya ke turke. Muna cikin zagayawa sai na hangi wani ƙaton kunkuru a gindin bango, an ajiye masa kwano da sauran tuwon shinkafa, har da miya. Na tambaya, aka ce ai shekararsa 6 a gidan, kuma abin da aka ci shi a ke ba shi. Da na duba ƙoƙon bayansa, sai na ga duk ya yi tudu-tudu kamar an jera ƙananan dala. Yaran gidan suna tsammani ado ne. To, ba ado ba ne, alama ce ta kuskure wajen kiwo, kuma in ƙoƙon ya riga ya tashi haka ba ya komawa. Shi ya sa yau za mu bar maganar tumaki, mu yi ta kunkuru.

Da fari a san irin wanda mu ke nufi. Ba kififiya ba, wadda masunta su kan kama a gulbin Rima wajen Argungu. Ita cikin ruwa ta ke, tana cin kifi da ƙwari. Muna maganar babban kunkurun tudu ne, mai ruwan ƙasa, mai ƙaya-ƙaya a cinyoyinsa. Asalinsa ƙasashen bakin Hamada, tun daga Sanigal har Habasha. In an ɗebe na tsibirai, ba kunkurun tudu da ya kai shi girma a duniya. Namiji ya kan wuce kilo 50, kuma ya kan yi shekara 70 ko fiye. Wanda ya mutu a fadar Sarkin Ogbomosho a 2019, irinsa ne, har mutanen fada suka ce shekararsa 344, amma masana ba su yarda da wannan lissafi ba.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, wannan dabba makiyayiya ce kamar jaki. A daji ciyawa ya ke ci, ɗanya da damina, busasshiya da rani. Cikinsa an yi shi ne domin abinci mai kaushi, mai daɗewa bai narke ba. Kadan aka ɗura masa tuwo da wake da ƙashin miya, sai ya yi girma da sauri fiye da ƙima, ƙoƙon ya lalace, ƙoda ta wahala. Masu kiwonsa da suka ƙware sun ce a cikin kashi 10 na abincinsa, kamar kashi 8 su zama ciyawa, sauran 2 ganyaye da kayan lambu. Ƙarancin ruwa da bushewar wurin kwana lokacin da ya ke ƙarami su ma suna kawo wannan tudu-tudun.

Na san abin da mai karatu zai ce: wa ke da lokacin yi wa kunkuru girki? Ai ba girki. Ba a dafa masa kome, ba gishiri, ba mai. Aikin minti 20 ne, sau biyu a mako.

Ga yadda za a yi. Da safe a tafi wajen masu kayan miya, a roƙi ganyen da su kan ɓare su zubar. Da rani lambunan fadama suna cika kasuwa da kabeji da salak da karas, kuma ganyen waje da na kan karas yawanci kyauta ne ko kuwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A haɗa da abin da ke cikin gida: zogale, lalo, ganyen dankalin Hausa, ganyen kabewa da furenta. A zuba duka cikin babban kwano, a wanke, a zubar da ruwan, a sake wankewa. Kada a raina wannan wanki na biyu, gama manoman rani da yawa suna fesa maganin ƙwari, waɗansu ma ba su jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin su tsinka. Sa'an nan a baza a faifai cikin inuwa har ruwan ya tsane, domin ganyen da aka tara da ruwa jikinsa da wuri ya ke ruɓewa.

Bayan ya tsane sai yanka. A tattara ganyen wuri ɗaya a yanka kamar yadda mata su ke yanka alayyafon miya. Ga ƙaramin kunkuru a yi ƙanana ƙwarai. Ga babba kuwa ko an bar shi da faɗi ba laifi, yana ma taimakonsa wajen rage tsawon baki. Kabewa da karas a kankare su siri-siri, kaɗan kawai, domin ƙamshi da launi. Ciyawar kuma, kirikiri ko harkiya, a daddatsa ta gajeru, a cuɗa da ganyen sosai. Dalilin cuɗawar shi ne kunkuru yana da wayo. In ka ajiye masa ciyawa gefe, salak gefe, sai ya cinye salak ya bar maka ciyawarka.

Sai ajiya. Wanda ke da firiji kuma wuta ta samu, ya sa a roba mai murfi. Wanda ba shi da shi, ya jiƙa buhun algarara ya matse, ya naɗe abincin a ciki, ya ajiye a gindin randa. Da sanyi ya kan kai kwana 3. Amma a watan Afrilu, sa'ad da zafin Birnin Kebbi ya kan wuce digiri 40, kada a yi na fiye da kwana 2. In ya fara yauƙi ko wari, a kai shi juji.

Waɗansu ganyaye sai da awo. Alayyafo da yakuwa suna da wani sinadari mai kama kalsiyam ya hana jiki amfani da shi, kalsiyam kuwa shi ne ke gina ƙashi da ƙoƙo. Saboda haka a ba da su jefi-jefi. Kabeji ma kada ya zama na kullum. Salak kusan duk ruwa ne, ba ya ƙosarwa. Harawa tana da ƙarfi da yawa, a barbaɗa kaɗan. Mangwaro da kankana kunkuru yana mutuwar sonsu, amma zaƙi ya kan sa shi zawo, don haka ɗan yanki sau ɗaya a wata ya isa. Albasa, ko da ta Aliero ce, ba tasa ba ce. Tumfafiya, aguwa, zaƙami, zurma, ganyen tumatir da na dankalin Turawa, waɗannan kada su kusance shi. Har wa yau kada a yanko masa ciyawa a kunyar gonar shinkafa da aka yi wa feshi.

Maganar kalsiyam ba sai an je kanti ba. A tara ɓawon ƙwai, a tafasa, a shanya, a daka ya yi laushi kamar gari. A barbaɗa abin da yatsu biyu suka ɗauka a kan abincin, sau 2 ko 3 a mako. Amma ba zai yi amfani ba sai da rana, domin hasken rana ne ke sa jikin kunkuru ya iya shan kalsiyam ɗin. Turawa da Amurkawa masu kiwon wani ƙadangaren Ostireliya mai gemu a ɗakunansu, su ma haka su ke yanka masa ganye su barbaɗa garin kalsiyam, sai dai su dole su sayi fitila ta musamman a madadin rana. Mu Allah ya hore mana ita kyauta. Abin da ya rage shi ne kada a kulle dabbar a ɗaki, kuma a bar mata inuwa da wurin haƙa rami.

A ba shi abincin da hantsi, bayan ya sha rana jikinsa ya yi ɗumi. Da hunturu in ya rage ci kada a damu. A zuba masa a kan faffaɗan dutse ko tsohon tire, ba a kan yashi ba, gama yashin da ya haɗiya ya kan toshe masa hanji. Haka leda, a riƙa tsince ta daga tsakar gida. Zancen da a ke yi wai kunkuru ba ya shan ruwa ba gaskiya ba ne. A binne masa kasko marar zurfi daidai da ƙasa, a riƙa sake ruwan kullum. Ƙarami kuwa a riƙa sa shi cikin ruwan ɗumi da bai kai masa hanci ba, na minti 15.

Uwar gida ta ware wa wannan aiki wuƙa da kwano dabam, yara kuma su wanke hannu da sabulu in sun taɓa shi. Kunkuru ya kan ɗauki ƙwayar cuta mai suna salmonela, mai sa zawo da zazzaɓi, shi kuwa yana nan lafiya lau. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru tun 1975.

Wanda ke da shi a gida ya riƙe shi da kyau, amma kada a ƙara sayen na daji. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar duniya ta cinikin namun daji ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa waje domin ciniki, a 2021 kuma aka sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Shi kuwa na Nasarawa, na bar mai gidan yana aiken yaro ya yanko kirikiri a bayan gida. In ƙoƙon kunkurunku ya yi laushi in an danna, ko hancinsa yana yoyo, wannan ya wuce gyaran abinci, sai a kai shi wurin likitan dabbobi.