Bindigar auna zafi ba ta gane zinariyar jabu

Wata magana ta ishe ni. Daga wajen masu narka zinariya a Tchibarakaten take fitowa, ga shi har ta iso kasuwar Arlit: wai idan aka nuna wa narkakkiyar zinariya bindigar auna zafi ta rubuta digiri 400 ko 500, to kayan gauraye ne, tunda zinariyar kirki sai a dubu da ɗoriya take narkewa. Da wannan ake karya wa mai kaya farashi. Wasu kuma sai su yi ta ƙara wuta don lambar ta hau, har tukunyar narki ta tsage, wahalar rami ta tsiyaye cikin toka.

Tsantsar zinariya a digiri 1064 take narkewa, azurfa a 962, jan ƙarfe a 1085. Nan gaskiyar maganar ta tsaya.

Bindigar nan ba ta taɓa zinariyar. Hasken da abu mai zafi ke fitarwa take karɓa, irin wanda ido ba ya gani, sannan ta yi lissafi ta fito da lamba. Lissafin kuwa an ɗora shi a kan cewa abin da aka nuna mata marar sheƙi ne, kamar bulo ko gawayi, mai fitar da kashi 95 cikin 100 na hasken da ya dace da zafinsa. Shi ne 0.95 ɗin da kuke gani a fuskar na'urar ba ku tambaya ba. Gogaggiyar zinariya ba ta fitar da ko kashi 5 na irin wannan haske. Madubi ce, har hasken abin da ke kewaye da ita take mayar wa na'urar. Saboda haka iya tsabtar zinariya, iya sheƙinta, iya ƙanƙantar lambar. Wadda kumfar boraks da datti suka rufe, ita ce za ta ba da lamba babba. Mai sayen da ke kafa hujja da bindiga yana tauye mai kayan kirki ne, ko da saninsa ko babu.

Wannan ma idan na'urar ta kai wurin. Ku juya kwalinta ku karanta: da yawa cikin masu arahar nan iyakarsu digiri 380 ko 550. Ta goshi kuwa, wadda ta cika gari lokacin korona, ba ta wuce digiri arba'in da ƴan kai. Ƴan kasuwar da ke loda su a mota su kai jeji, ba su faɗa wa kowa wannan ba, su ji tsoron Allah.

Masana kimiyyar fiziks suna da nasu kayan aikin. A 1901, a Jamus, Ludwig Holborn da Ferdinand Kurlbaum suka ƙera wata na'ura mai kama da tabarau na hangen nesa. Kana leƙa wutar ta cikin jan gilashi, a tsakiya ga siririyar wayar ƙwan fitila. Sai ka riƙa ƙara mata lantarki. In wayar ta fi wutar duhu, zafinta bai kai ba. In ta fi haske, ya zarce. Lokacin da ta ɓace cikin hasken wutar, sun yi daidai, sai a karanta. Na'urar tana aiki ne daga wajen digiri 700 zuwa sama, inda abu ya yi ja sosai. Ma'aunin zafi na duniya da ya fara aiki a 1990 ya ce duk abin da ya haura 962 da haske ake auna shi, kuma ana daidaita na'urorin ne da zafin da azurfa, zinariya ko jan ƙarfe ke daskarewa. Wato a ɗakin gwaji, zinariya ce alƙalin na'ura. Ko su ma ba sa auna fuskar ƙarfen. Ƙaramin rami suke leƙawa a cikin baƙin girafit da ƙarfen ya kewaye, domin rami ba ya sheƙi.

Ku yi haka ku ma. Ku nemi na'urar da aka rubuta ta haura 1300, ku auna baƙin bangon tukunyar daga ciki ko ƙofar tanda. A inuwa, domin ranar Sahara tana ƙara wa lambar ƙarya. Hayaƙi da ƙurar da ta hau gilashin suna rage ta. In an rubuta 12:1 a jikin na'urar, daga nisan mita ɗaya da santimita 20 tana haɗa faɗin santimita 10 ne gaba ɗaya, har da bakin murhu. Jan ɗigon da na'urar ke haskawa saiti ne kawai. Wanda ke da hali ya sayi waya mai auna zafi ta nau'in K, a cikin kubenta, ya sa ɗaya daga cikin yaran da suka fito daga makarantar ma'adinai ta EMAIR a Agadez ya haɗa masa.

Ingancin zinariya kuwa awo cikin ruwa ke nuna shi, tsantsarta giram 19.3 a kowane mililita, ko dutsen gwaji da asid.

Kada ku sunkuya kan tukunya don saita na'ura. Zaibar da ake kama zinariya da ita tana tafasa tun a digiri 357, tururinta ba launi ba wari, kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. A ƙona ta cikin rufaffiyar tukunya mai bututu, a fili, iska tana bayanku, nesa da inda ake kwana da dafa abinci.