Yadda Ake Neman Samfurin Zubin Tukunyar Sanholo a Jibiya

Yaron da ya gama koyon zubi a hannun maigidansa, in zai buɗe tasa rumfar, gawayi da zugazugi da tarkacen sanholo ba sa yi masa wuyar samu. Samfuri ke tsayar da shi, wato tukunyar da ake danƙara wa yashi a fitar da siffarta. Mazubin yashi sau ɗaya yake aiki, ana zubawa a fasa shi. Samfuri kuwa shekara da shekaru ake mora, kuma duk aibin da ke jikinsa sai ya bayyana a kowace tukunyar da ta fito daga rumfarka.

Zubin tukwanen sanholo bai kai ƙirar baƙin ƙarfe tsufa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bazu a Afirka ta Yamma, ya faro daga wajen Senegal, maƙera 'yan ci-rani suka yi ta kai shi gari-gari da samfuransu a cikin kaya. Har yau haka samfuri ke yawo, shi ya sa mutumin Jibiya, da ke kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, yake da zaɓi ta fuska biyu.

Mataki na farko: san abin da ake saye. Je layin masu tukwane a kasuwar Jibiya ranar Lahadi, ka tsaya ka ga abin da ke tafiya. Matan gida ƙanana da matsakaita suke ɗauka, masu tuwon sayarwa da masu girkin biki su ne na manya. Akwai kuma tandar waina da ludayi da murfi, waɗanda ba sa cin ƙarfe da yawa kuma suna saurin juya kuɗi. Fara da samfuri biyu ko uku. Kada lambar da ke jikin tukunya ta ruɗe ka, don lamba goma ta wannan maƙera ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba. Auna da ruwa ka san lita nawa take ci.

Mataki na biyu: inda za ka nema. Maigidanka ne ƙofar farko. In kun rabu lafiya, shi zai zuba maka samfuri daga nasa mai kyau, ko ya haɗa ka da wanda zai yi. Bayan shi sai 'yan jari-bola, don a cikin tarkacensu akan tsinci tsohuwar tukunyar kamfani da ba ta lotse ba, irin wannan kuwa ta fi yawancin na hannu daidaiton kauri. In ba ka dace ba, ka gangara Katsina ko Kano.

Ta ɓangaren Nijar kuwa akwai Maraɗi, ta Magama da Ɗan Isa. Sai dai kada ka ɗora jarinka duka a kan hanyar, domin an rufe iyakar a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Wanda ya ba da kafin alƙalami a tsallake kafin irin wannan rufewa ya san yadda jira yake. Ka biya ka karɓi kayanka hannu da hannu, ka nemi rasit, ka kuma lissafa canjin sefa kafin ka yi ciniki. Kar ka ce za ka kai tarkacen ƙarfe can a yi maka musaya, yana cikin kayan da dokar kwastan ta Najeriya ta hana fitarwa.

Mataki na uku: tambayi asalinsa. Nan ne sababbin maƙera suka fi yin asara. Sanholo yana narkewa a zafin da ya kai digiri 660, in ya huce kuma yana tsukewa da kimanin milimita 13 a kowace mita. Ke nan tukunya mai faɗin baki santimita 50, wadda aka zuba daga gare ta za ta fito da ragin fiye da rabin santimita. A mai da wannan samfuri a sake zuba wata, ta ƙara raguwa. Kafin a kai zubi na huɗu murfin asali ya daina zama a bakin. Ga shi kuma duk lokacin da aka bubbuga samfuri don ya saki yashi, ramin yana ɗan buɗewa, bango ya ƙara kauri. Sai ka wayi gari da tukunya ƙarama mai nauyi, tana cinye maka ƙarfe, mai saye kuma ba zai ƙara ko sisi a kan kuɗin lambarta ba. Don haka ka tambayi mai sayarwa, “Maigida, wannan daga wace tukunya aka fitar da shi?” In ya kama kame-kame, ɗora shi a sikeli tare da wata tukunya mai girmansa, nauyin zai ba ka amsa.

Mataki na huɗu: duba da hannu. Kama bangon tsakanin babban yatsa da manuni, ka zagaya baki, ka sauka zuwa gindi. Kaurin ya zama ɗaya a kewaye, gindi ya ɗan fi. Inda ya yi siriri ƙarfe zai daskare kafin ya cika, inda ya yi kauri ainun kuma zai lotsa yayin hucewa. Tukunya mai tumbi ana raba samfurinta gida biyu a tsaye, don a zare kowane ɓari ta gefe ba tare da rusa yashin ciki ba. Haɗa ɓarin biyu ka ɗaga su saitin rana. In haske ya ratsa, ko ɗaya ya ɗara ɗaya, kowace tukunyarka za ta fito da tudu a jiki, ka ƙare yini kana gurza. Mai miƙaƙƙen jiki kuwa bakinta ya ɗan fi gindi faɗi, in ba haka ba ba za ta zaru ba. Shafa cikinta, duk wani kaushi yashi zai kama. Kunnuwan ma ka jijjiga su.

Mataki na biyar: akwatin da ake danƙara yashi a ciki. Katako busasshe wanda bai kantare ba, da maƙalai da ke mai da kowane ɓangare mazauninsa. Ya bar tazarar yatsu uku zuwa huɗu na yashi tsakanin samfuri da katako. Kafinta zai yi maka, amma kai masa samfurin ya auna a gabanka.

Mataki na shida: gwada kafin ka cika kuɗi. In mai kaya ya yarda, yi zubi ɗaya da yashin da za ka riƙa aiki da shi. Yashi mai laushi ake so, mai ɗan yumɓu, a tankaɗe a yayyafa ruwa. Dunƙula shi a tafin hannu: ya riƙe shatin yatsu, in ka karya ya rabu biyu bai wargaje ba, bai kuma jiƙa maka hannu ba. Barbaɗa toka mai laushi inda ɓangarori ke haɗuwa don kada su manne. Ruwa in ya yi yawa, tururi zai huda tukunyar da ƙananan ramuka, wani lokaci ya watso narkakken ƙarfe waje, saboda haka sa takalmi rufaffe, ka kori yara, ka ɗumama duk abin da zai taɓa ƙarfen. Tukunyar gwaji in ta huce, cika ta da ruwa ta kwana. Ramuka barkatai laifin yashi ne ko datti a ƙarfe. Amma in ka sake zubawa aibin ya dawo a wuri guda, samfurin ne, mayar masa da abinsa.

Mataki na bakwai: tace abin da za ka narka. Samfuri mai kyau ba ya gyara mugun ƙarfe. Dalma tana narkewa tun a digiri 327, ta shige cikin sanholo ido bai gani ba. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen da ake zubawa daga tarkace a Kamaru ya nuna dalma na fita daga jikinsu yayin girki, mu kuma nan mun ga abin da gubarta ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Ware ƙarfen batir, da duk abin da aka yi wa liƙin dalma, da guntun da nauyinsa ya wuce girmansa. Tsofaffin tukwanen kamfani da wayar sanholo tsantsa sun fi aminci ga abin da za a dafa abinci a ciki.

Samfurin da ka zaɓa, buga wa ɓarinsa biyu alama iri ɗaya don kada su cakuɗe da na wata lamba, ka rataye shi nesa da tarin tarkace, kuma kar ka bari a ɗora shi a murhu ko sau ɗaya, wuta tana kantarar da baki.