Bashin Kati a Ƙasar Waje: Shawara Ga Wanda Ruwa Ya Kai Wa Wuya

Saƙon wannan makon ya zo daga wani matashi haifaffen Sabon Garin Gusau, wanda ke aikin kula da tsofaffi a Ingila. Ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce:

"Yaya, shekarata biyu a nan. Banki ya ba ni katin bashi, na fara da biyan kuɗin sabunta biza, sai rashin lafiyar Inna ta taso, sai aka ɗauke ɗan baffana a hanyar Tsafe aka yanka wa kowa abin da zai kawo. Yanzu ana bina fam 4,000 a kati biyu. Duk wata ina biya, amma bashin yana nan inda yake. Na daina buɗe wasiƙun banki. A gida kowa na ganin ina cikin daula. Har na fara tunanin in tattara nawa in koma Gusau in bar musu. Ina mafita?"

Ƙanena, Allah ya yaye maka, ya ba Inna lafiya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma abin da ka ci bashin nan dominsa ba abin kunya ba ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonka shi ne wasiƙun da ka daina buɗewa. Bashin kati da shiru yake ƙiba. Akwai wurare uku da za ka buɗe baki: gaban takarda da biro, gaban bankin, da gaban mutanen gida. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa kake biya ba ya raguwa

A ce kuɗin ruwan katinka kashi 24 cikin ɗari ne a shekara. A kan fam 4,000, wannan ya kama kusan fam 80 duk wata. A Ingila, mafi ƙarancin abin da banki ke nema a wata yakan zama kuɗin ruwan da kuma kashi ɗaya cikin ɗari na uwar kuɗi, wato kusan fam 120 a lissafinka. Ka ga fam 80 sun tafi wajen ruwa, fam 40 kacal suka taɓa bashin. Da ka sake goga katin a kanti sau biyu, ka mayar da abin da ka rage.

Akwai wani ramin da mutanenmu ke yawan faɗawa. Idan ka ciri tsabar kuɗi da katin bashi, ko ka tura kuɗi gida da shi, bankuna da yawa suna lissafa shi a matsayin cirar tsaba: su caje ka kuɗin cira, ruwa kuma ya fara hawa tun daga ranar, sau da yawa a farashi mafi tsada. Saboda haka abu na farko, yau ɗin nan, ka cire katunan daga wayarka da manhajar tura kuɗi. Ba a yashe rijiya ana zuba mata ƙasa.

Takarda da biro

Ka zauna ranar hutunka ka buɗe wasiƙun duka. Ka rubuta sunan kowane mai binka, nawa yake binka, kuɗin ruwa nawa, da ranar biya. A ɗaya shafin ka rubuta albashinka bayan an cire haraji, da abin da kake kashewa: haya, abinci, mota, waya, da abin da kake turawa gida. Kada ka rage wa na gida ko fam ɗaya a lissafin, domin galibi nan ne gaskiyar take ɓuya.

Daga nan ka raba basussukan gida biyu. Akwai waɗanda ƙin biyansu zai raba ka da muhalli ko ya kai ka gaban hukuma: haya, harajin ƙaramar hukuma, wuta da gas, tarar kotu. Su ne a gaba. Ka ƙara da bashin asibitin gwamnati idan akwai, domin wanda hukumar NHS ke bin fam 500 ko fiye ana iya hana shi biza. Bashin kati yana bayan waɗannan, ko da masu karɓarsa sun fi kowa buga waya. A Ingila ba a ɗaure mutum don ya kasa biyan katin bashi. Abin da zai faru shi ne sunanka ya ɓaci a kundin masu ba da bashi na tsawon shekara 6, kuma za su iya kai ƙara kotun farar hula. Kada ka hana kanka abinci ko ka ƙi biyan haya don ka faranta wa kati.

Ka riga banki magana

Ka kira su ko ka rubuta musu, ka ce kana cikin matsin kuɗi, ga lissafin shigarka da fitarka, ga abin da za ka iya biya duk wata. Ka nemi su dakatar da kuɗin ruwa da tara. Hukumar da ke sa ido kan bankuna a can, FCA, ta wajabta musu su sassauta wa wanda ya shiga irin wannan hali. Kada ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka don kunya ta kama ka a waya. Fam 50 da za ka riƙa biya ba fashi sun fi fam 200 da za ka biya sau biyu ka tsaya. Duk abin da kuka amince a kai, ka ce a aiko maka a rubuce.

Ba dole ka yi wannan kai kaɗai ba. StepChange, National Debtline da Citizens Advice suna ba da shawarar bashi kyauta, cikin sirri, kuma ba sai kai ɗan ƙasa ba ne. Ta hannunsu za ka iya shiga shirin da ake kira Breathing Space, wanda aka fara a Ingila da Wales a watan Mayu na 2021: kwana 60 ba ruwa, ba tara, ba mai matsa maka, domin ka samu ka tsara kanka. Za su iya haɗa maka tsarin biya guda, ka riƙa ba da kuɗi sau ɗaya a wata a raba wa masu binka. Wanda kuma ba shi da kadara, abin da ke rage masa a wata bai wuce fam 75 ba, bashinsa bai haura fam 50,000 ba, akwai hanyar da ake kira Debt Relief Order, inda ake yafe bashin bayan wata 12 idan halinsa bai canza ba. Kafin ka sa hannu a irin wannan, ka tambayi masanin dokar shige da fice yadda zai shafi neman takardar zama ɗan ƙasa nan gaba.

Ka yi nesa da kamfanonin da ke talla a Facebook da TikTok cewa za su goge maka bashi idan ka biya su tukuna. Abin da suke sayarwa ana samunsa kyauta. Haka kuma kada ka ci sabon bashi mai tsada don toshe tsoho.

Maganar tattarawa ka dawo

Na fahimci abin da ya kawo maka wannan tunani, amma ka yi lissafi. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, fam kuma ya kai kusan naira 2,000. A wannan farashi bashinka ya kai naira miliyan 8. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne. Mai wannan albashi zai shafe fiye da shekara 9 yana miƙa shi duka kafin ya biya. Bashin da aka ci da fam, da fam ya fi sauƙin biya. Idan ka gudu kuma, ruwa zai ci gaba da hawa, a sayar da bashin ga masu karɓa, a iya yanke hukunci ba ka nan, ranar da ka so komawa ka tarar da shi yana jiranka. Sannan haƙƙi ne a wuyanka, ko da mai shi bai san hanyar Gusau ba.

Idan dawowar ta zama dole, saboda biza ta ƙare ko aiki ya tsaya, ka sanar da bankin kafin ka taso, ka ba su adireshin imel, ku daidaita abin da za ka riƙa turawa.

Ga 'yan uwa da ke wasu ƙasashe

Wanda ke Dubai ko Saudiyya ya ninka taka-tsantsan. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa bankuna kan karɓi cek a matsayin jingina. Tun watan Janairu na 2022 an sassauta hukunci a kan cek ɗin da ba kuɗi a bayansa, amma banki na iya kai shi kai tsaye kotun zartarwa, kotu kuma na iya hana mutum fita ƙasar. Idan aiki ya ƙare, banki kan riƙe kuɗin sallama. A Saudiyya sunan mutum kan shiga kundin masu bashi na SIMAH, kotu ma na iya hana shi tafiya. A waɗannan ƙasashe ka je banki da ƙafarka tun kafin ka tsallake biya, ka nemi a mayar da bashin katin zuwa biya kashi-kashi, kuma in ka gama ka karɓi takardar shaidar cewa ba a binka komai.

A Amurka, rashin biya kan zauna a kundin mutum shekara 7. Ƙungiyoyin ba da shawarar bashi da ke ƙarƙashin NFCC ba don riba suke aiki ba, suna taimakawa a rage kuɗin ruwa. Doka kuma ta hana masu karɓar bashi kiran mutum kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare.

Mutanen gida

Wannan ya fi duka wuya, kuma shi ne maganin. Mutumin da ke Sabon Gari ko Bungudu yana jin fam ɗaya ya kai naira dubu biyu, amma ba ya ganin kuɗin hayar ɗaki ɗaya a can. Ba mugunta ke sa su kira ka ba, rashin sani ne, kai kuma ka taya su da shirunka. Ka zaɓi mutum ɗaya mai hankali da riƙe sirri, babban wanka ko kawunka, ka faɗa masa adadin bashin da bakinka. Ka ce: "Yaya, daga yanzu zuwa shekara guda, abin da zan iya shi ne abincin Inna da maganinta, kaza duk wata. Biki da suna da gudunmawa a yi mini uzuri." Shi zai tare maka sauran. Za a yi gunaguni wata ɗaya ko biyu, ya wuce.

Abin da ya shafi rai, irin wanda ya sami ɗan baffanku, ba wanda zai ce ka naɗe hannu. Amma nauyin dangi ne gaba ɗaya, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, kai ma ka ba da abin da ke hannunka, ba abin da ke cikin kati ba.

Idan kana da fili a Damba ko wani wuri da ka saya don gini, ka auna da idon basira: a shekara katin yana cin kusan fam 960 na ruwa kaɗai. Idan filin ba ya ƙara daraja haka, sayar da shi ka fita ya fi. Fili ana sake saya.

Na san kuma akwai abin da ba ka rubuta ba. Kai ɗan Zamfara ne, ka tashi kana jin wa'azi a kan riba, kuma wannan yana cin ka a zuci. Ka tuba, ka gaggauta fita, shi ne abin da malamai za su ce maka. Ka tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma Suratut Tauba ta lissafa waɗanda bashi ya danne cikin rukunin mutane takwas da suka cancanci zakka. Saboda haka ba roƙo ba ne idan ka je wajen limamin masallacinku ka faɗi halinka. A Birtaniya akwai National Zakat Foundation, mai raba zakka ga Musulmi mabuƙata a cikin ƙasar. Idan akwai adashi tsakanin 'yan uwa amintattu, ka nemi ɗauka da wuri ka zuba a katin da ya fi tsadar ruwa, muddin zubin ba zai taɓa haya da abinci ba. Idan wani ya ba ka rance ba ruwa, ku rubuta, ku sa shaidu, domin zumunci ya tsira.

Ƙanena, fam 4,000 bashi ne da mai aiki zai iya gamawa da shi. Idan aka dakatar da ruwan ka riƙa biyan fam 170 duk wata, cikin shekara biyu ka fita. A daren nan ka ɗauko wasiƙun nan ka buɗe ta farko. Gobe da safe ka kira StepChange, ranar Juma'a ka kira yayanka. Allah ya warware maka, ya sa ka taka Gusau da ƙafarka ba wanda ke binka ko sisi.