Me Ya Sa Mabiya Ba Sa Watsewa Idan Ranar Ta Wuce?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: idan malamin wata ɗariƙa ya yanke ranar tashin duniya, ranar ta zo ta wuce, me ke hana mabiyansa watsewa?

To malam, wasu kan watse, amma waɗanda suka fi sadaukarwa su suka fi tsayawa. A Amurka, mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, sun jira dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoba, 1844, har wasu suka bar amfanin gonarsu ba girbi. Da gari ya waye lafiya lau, wani ɓangare ya ce lissafin daidai ne, a sama abin ya auku. Daga cikinsu cocin Adventist ya fito a 1863. Haka wani mai wa'azi, Harold Camping, ya yi da ranar da ya yanke, 21 ga Mayu, 2011, ta wuce, ya ɗaga zuwa Oktoba.

Wani zai ce ai damfara ce kawai. Akwai 'yan damfara, amma wannan bai bayyana halin mabiyi ba. Wanda ya sayar da gidansa, dangi suka yi masa dariya, sabuwar fassara ta fi masa sauƙi a kan komawa gida da kunya. Manyan coci-coci dai sun ƙi yanke rana, suna cewa Allah kaɗai ya san sa'ar.