Ina Masana'antar Mai ta Secunda Ke Samun Ruwa?

Masana'antar Sasol da ke Secunda a Afirka ta Kudu tana sarrafa kwal ya koma fetur da dizal tun 1980. Aikin na shan ruwa ainun: da tururi da iskar oksijin ake mayar da kwal gas, sannan wajen sanyaya injuna ruwa mai yawa kan bi iska. Daga madatsar Grootdraai, a kan Kogin Vaal, ake janyo shi. Sai dai kogin nan ne ke shayar da Johannesburg da tashoshin lantarkin Eskom, har ta kai ana ƙaro masa ruwa daga tsaunukan Lesotho. Ragowar ruwan masana'antar kuwa gishiri kan yi masa yawa, tilas a tace kafin a sake amfani da shi.