Noman Ciyawar Gamba: Darasi Ga Fataken Dabbobi Na Ketu Da Agege

Kowace dabba da aka sauke daga mota a mayankar Oko-Oba ta Agege, ko a turakun raguna na gefen kasuwar Mile 12 da ke Ketu, tana ci gaba da cin kuɗin mai ita har ranar da aka sayar da ita. Birnin Legas ba shi da makiyaya, kuma tun shekarar 2021 gwamnatin jihar ta kafa dokar hana kiwo a sake. Saboda haka harawa da dusa su ne abin dogaro, kuma yawancinsu daga Arewa ake kawowa, tafiyar kusan kilomita 1,000 idan daga Kano ne. Da yawa daga cikin fataken nan suna da gonaki a garuruwansu, waɗansu ma an bar su saura domin ƙasar ta gaji. A irin wannan gona ce ciyawar gamba take da amfani.

Gamba, wadda masana ke kira Andropogon gayanus, ciyawa ce mai shekara da shekaru, wato idan ta kama sau ɗaya ba a sake shuka ta kowace damina. Tana fitowa gindi-gindi, tsawonta yakan kai mita uku ko fiye, kuma tana jure rani mai tsawo da ƙasa marar ƙarfi. Bahaushe ya san ta tun kaka da kakanni wajen saƙar zana, manoma kuwa a Katsina da Maraɗi sukan bar ta a iyakar gona. Ƙarfinta yana cikin saiwoyinta. Waɗansu suna bazuwa kusa da saman ƙasa su riƙe rairayi, waɗansu suna nutsawa can ƙasa su jawo danshi, shi ya sa take riga sauran ciyayi tsirowa da bazara. Duk shekara wani sashe na saiwar yana mutuwa ya ruɓe a cikin ƙasa ya zama taki, ramukan da ya bari kuma su zama hanyar shigar ruwa. Ga kashin dabbobin da suka yi kiwo a wurin. Ta haka ne fako yake komawa gona a hankali, ba tare da an kashe kuɗi mai yawa kan takin zamani ba.

Ƙasashen waje sun riga 'yan gida cin moriyarta a kasuwance. Wani iri da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, inda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI take, ya isa cibiyar CIAT ta ƙasar Kolombiya, aka fitar da shi ga makiyaya a 1980 da sunan Carimagua 1, a Barazil kuma da sunan Planaltina. A 1994 masana na wannan cibiya suka wallafa bincike da ya nuna cewa gamba tana tara sinadarin kabon mai yawa a can cikin ƙasa. A arewacin Ostareliya kuwa labarin ya sha bamban. An kai ta domin kiwo, amma inda ba a cinye ta ba sai ta yi duhu, ta bushe, ta haddasa gobara mai tsanani, har a 2012 aka sanya ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasar. Wannan gargaɗi ne ga duk wanda zai shuka ta daga nesa ya bar ta babu mai kula.

Hanyar shuka iri biyu ce. Ana iya yafa iri bayan damina ta zauna, amma irin yana da gashi, ba shi da nauyi, iska na kwashe shi, kuma sabon iri ba ya tsirowa sosai sai ya yi watanni a ajiye. Ba a binne shi da zurfi. Hanyar da ta fi tabbas ga ƙaramar gona ita ce dashe: a tono tsohon gindi, a rarraba shi da saiwarsa, a dasa a jere. A gonar da ake noma gero ko dawa, ana yin layuka masu ratsa gangare ko masu fuskantar iska, a bar hatsi a tsakani. A shekarar farko a yi mata ciro, a hana dabbobi shiga har sai gindin ya yi ƙarfi.

Lokacin yanka shi ne inda riba take ko asara. Ɗanyar gamba mai ganye tana da sinadarin gina jiki daidai gwargwado, amma da zarar ta fid da kai ta yi kara, sinadarin yana raguwa ƙwarai, dabba ta ci ta ƙoshi ba ta yi ƙiba ba. Mai son ingirici sai ya sa lauje kafin ta yi fure, ya bar kamar taƙi ɗaya na gindi domin ta sake tohuwa, ya shanya a inuwa. Mai son karan zana kuwa sai ya jira kaka. Gindi ɗaya ba ya ba da biyun da kyau a shekara guda, don haka gara a raba filin tun farko. Gamba kaɗai ba ta turka rago. Dole a haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa, ko a shuka ciyawar sitailo a tsakaninta, irin wadda cibiyar ILCA ta gwada da Fulani a kudancin Kaduna cikin shekarun 1980.

Sauran lissafin na mota ne. Busasshiyar gamba tana cika mota ba tare da nauyi ba, darajarta kuma ba ta kai ta harawa ba, saboda haka ɗauko ta zuwa Ketu yana da wuyar mayar da kuɗin haya, sai dai idan an matse ta da inji. Abin da ya fi dacewa shi ne falke ya sayi ramammun raguna tun da sauran watanni kafin Babbar Salla, ya turke su a gonarsa ta gida kan gamba da harawa, sa'an nan ya kawo su Legas kwanaki kaɗan kafin kasuwa ta yi zafi, yadda kwanakin sayen abinci a Agege za su ragu. Wajibi ne kuma ya sanya ladan mai tsaron gonar, da na share kewayenta domin tare gobara a farkon rani, cikin jarin da zai ware.